Kyamarar ɗaukar wasan mota: GoPro ta hannu, DJI, Akaso ko ta gilashin mota?

Mukan haɗu da safiyar Asabar a wani fegi da ke bayan garin Bauchi, ta hanyar Ningi, wanda mai shi ya yarje mana. Mu jera tsofaffin tayoyi, mu fitar da hanya mai kwana bakwai, kowa ya shiga shi kaɗai ana riƙe masa agogo. Ba titin gwamnati ba ne, babu ɗan acaɓa, babu yaro mai tsallakawa. A nan ne ƙanen wani abokina ya ja ni gefe, waya a hannu, ya ce: "Yaya, na tara 'yan kuɗi. Ga wata sabuwa dal an rubuta mata 4K, ga kuma GoPro ta hannu da ta ninka ta kuɗi. Wacce zan ɗauka?" Na ce masa ya dakata tukuna, domin tambayar ta fi ƙarfin amsar tsaye.

Ni ma na taɓa tsayawa inda yake. Kyamarata ta farko ba ta da wani suna da aka sani, amma an rangaɗa mata 4K, wato alamar hoto mai kaifi sosai, a kwali da manyan haruffa. Na manna ta a bonet na shiga fili da murna. Da na dawo gida na kunna, hoton yana kaɗawa kamar ruwa a faranti, tayoyin da muka jera suna lanƙwashewa suna miƙewa, sautin kuwa iska ce zalla. Ko lambar motar da ke fake a gefe ba ta karantuwa. Araha ba ta ado, a ranar na yarda.

Abin da za ka duba kafin ka duba farashi

Na farko, kuma babba, shi ne hana rawar hoto. Mota a fegi ba ta zama lafiya: inji na kaɗa ta, ƙasa na jijjiga ta, birki na tura ta gaba. Kyamarar kirki tana da sensa a ciki da ke jin kowane motsi, sai ta ɗan rage gefen hoton ta yi amfani da wannan sararin ta daidaita shi. GoPro na kiran nata HyperSmooth, DJI kuma RockSteady. Lanƙwashewar da na gani a tawa kuwa daga yadda kyamara ke karanta hoto ne, layi bayan layi daga sama zuwa ƙasa; idan ta yi jinkirin karantawa alhali tana girgiza, sai tsaye ya koma karkatacce. Wannan ba ya gyaruwa a waya daga baya. Saboda haka 1080, wanda bai kai 4K kaifi ba, in mai natsuwa ne, hoto 60 a daƙiƙa, ya fi 4K mai rawa nesa ba kusa ba.

Na biyu zafi, kuma a nan ne shawarar da ake bayarwa a Turai ke iya kai mutum ta baro. A Bauchi da Gombe, watan Maris da Afrilu zafi na kaiwa digiri 40, cikin motar da aka rufe kuwa ya wuce haka sosai. Kyamarar nan 'yar mitsitsiyar kwamfuta ce, ba ta da fanka, iskar waje ce ke sanyaya ta. In ta yi zafi sai ta kashe kanta, kuma galibi a zagayen da ka fi iya tuƙi. DJI ta rubuta cewa Osmo Action 3 da 4 suna aiki har digiri 45. GoPro kuwa digiri 35 ta sa a matsayin iyakar yanayin da ya fi dacewa da nata. Wannan tazarar ta digiri 10 a wurinmu ba ƙaramin abu ba ce.

Na uku ƙura. Daga Disamba zuwa Fabrairu hazo ne, kuma ko ba hunturu, motar da ke juyawa a fegi tana feso tsakuwa. Tambayar da za ka yi ita ce: murfin gilashin idon kyamarar yana cirewa a sa wani? In yana cirewa, tsakuwa ta fasa shi asarar 'yan dubbai ce. In ba ya cirewa, kyamarar ce ta tafi.

Sai haske. In ka ɗora ta a cikin mota tana kallon sitiyari da hanya lokaci guda, ciki duhu ne, waje rana ce tsaka. Kyamara mara wayo sai ta haskaka maka dashbod, gilashin gaba ya koma fari fat. Kana buƙatar wadda za ka danna allo ka ce mata ta auna haske daga hanya, ta kulle a nan.

Akwai kuma GPS. Mai son ya ga gudunsa da taswirar zagayensa a jikin bidiyo, wannan ne abin nema. Ba don burga kaɗai ba: da shi ne za ka gane a kwana ta huɗu kana taka birki da wuri, ko kana jinkirin komawa kan totur.

Batir da memori ba su da dogon bayani, lissafi ne. Ɗaukar 4K mai nauyin megabit 100 a daƙiƙa tana cin kusan gigabait 45 a awa, wato katin 64 ba zai kai ka awa ɗaya da rabi ba. Katin ya zama mai alamar V30 ko U3. Kuma ka saye shi inda za ka iya mayarwa, don na taɓa sayen mai rubutun 128 a wani shago, na yini ina ɗauka, da yamma babu fayil ɗaya da ya buɗe. Wannan ta fi ta kyamarar yi mini ciwo, saboda ranar ce na fara sauka ƙasa da minti ɗaya a zagaye.

Wani zai ce ai ga waya. Kada ka ɗaura wayarka a jikin mota ko babur. A shekarar 2021 kamfanin Apple da kansa ya gargaɗi masu iPhone cewa girgizar injin manyan babura na lalata abin da ke daidaita hoto a kyamarar wayar. Wayar ta zauna a aljihu, ko ta yi aikin agogo.

Game da kuɗi, da dala zan faɗa, a farashin da aka fito da kowacce. Tun da aka saki naira ta nemi darajarta a kasuwa a watan Yunin 2023, farashin da aka faɗa maka yau da wuya ya kai wata mai zuwa. Ka buga da canjin ranar, ka ƙara kuɗin kawowa.

GoPro ta hannu: HERO9, 10 da 11

GoPro kamfanin Amurka ne da Nick Woodman ya kafa a 2002, kuma sunansa ya mamaye harkar har wasu ke kiran kowace ƙaramar kyamara da shi. Sabuwarsu ta fi ƙarfin wanda ake wa wannan bayani, amma na hannu suna shigowa da yawa. HyperSmooth ya fara ne da HERO7 Black a 2018, saboda haka duk abin da ya girmi wannan ka bar shi. HERO8 ta 2019 ma ina ba da shawarar a tsallake ta, murfin idonta ba ya cirewa.

Uku ne abin dubawa. HERO9 ta 2020 ta fito a dala 450, HERO10 ta 2021 da HERO11 ta 2022 kuma a dala 500. Dukkansu murfin ido na cirewa, suna shiga ruwa har mita 10 ba tare da gida ba, wato ƙura ba ta samun ƙofa, kuma batir iri ɗaya suke ci. Babban abin da suka fi kowa da shi shi ne GPS a cikin jikinsu. Ka kunna, ka jira ta kama, ka ɗauka. Daga baya manhajar Quik ta ɗora maka agogon gudu a kan bidiyon. Ka kula da wannan sosai: HERO12 ta 2023 ba ta da GPS, an cire shi, sai a HERO13 ta 2024 aka dawo da shi. Mutane da dama na ganin 12 ta fi 11 tunda lamba ta fi girma, su saya, sannan su nemi gudun su rasa.

Rauninsu zafi ne. An san HERO10 musamman da saurin ɗaukar zafi in tana ɗauka da nauyi a inda iska ba ta kaɗawa. A waje, a bonet ko gefen ƙofa, iskar gudu na sanyaya ta. A cikin mota kuwa dabara ake yi: a sauko zuwa 1080 ko 2.7K, a kashe allon gaba, a cire batirin gaba ɗaya a jona ta da fawa-banki. Tana aiki a haka, kuma zafin na raguwa sosai, sai dai buɗe ƙofar gefen na nufin ƙura ta samu hanya. HERO9 kuma allonta na da nauyin amsawa, sai ka danna sau biyu.

Haɗarin na hannu shi ne ba ka san wahalar da ta sha ba. Wanda ya sayi irin wannan kyamara tun farko ba don ajiya ya saye ta ba. In za ka saya, ko a Farm Centre ta Kano, ko Banex a Abuja, ko wani ne zai sako maka a mota daga Ikeja, ka sa a yi mata gwaji uku: a bar ta tana ɗauka minti 20 ba tsayawa, a fito da batirin a duba ko ya kumbura, a fita waje a ga GPS ya kama. Wanda ya ƙi yarda da gwajin minti 20, ka riƙe kuɗinka.

DJI Osmo Action 3 da 4

DJI na birnin Shenzhen ne a ƙasar Sin, su ne masu ƙera jirage marasa matuƙi da masu ɗaukar biki ke tashi da su. Action 3 ta fito a 2022 a dala 329, Action 4 a 2023 a dala 399, kuma tun da Action 5 Pro ta fito a 2024 farashin waɗannan biyun ya sauko. Wannan ne ya sa ake iya samun sabuwarsu a kwali a kusa da kuɗin GoPro ta hannu.

Wajen hana rawa, a idon mai kallo a waya, ba za ka bambance RockSteady da HyperSmooth ba. Wajen zafi kuwa ta fi juriya, kuma wannan ne dalilin da ya sa zuciyata ta fi kwanciya da ita a yankinmu. Batirinta na iya kaiwa minti 160 a ɗauka mara nauyi, kuma da caja mai ƙarfi tana cika kashi 80 cikin minti 18. Kafin a gama shan shayi a sake jera tayoyin da wani ya watsar, ta dawo. Murfin idonta na kwancewa kamar murfin kwalba. Maƙalinta na maganaɗisu ne da ƙugiya biyu, sai ka ji ƙas, ta zauna. Abin da ke ɗaukar minti uku ana murɗa noti, a nan daƙiƙa biyu ne, daga gilashi zuwa hular kwano.

Bambancin 3 da 4 sensa ce: ta 4 ta fi girma, saboda haka ta fi gani da magariba da cikin mota mai duhu. In da safe kawai kake fita, 3 ta wadatar.

Abin da ta rasa shi ne GPS a jiki. Sai ka sayi ɗan rimot ɗinsu mai GPS daban, wanda ke aiki da Action 4, ko ka bi ta waya: manhajoji irin su RaceChrono da TrackAddict suna auna zagaye da gudu, daga baya ka haɗa da bidiyon. Yana yiwuwa, amma aiki ne na mai haƙuri da kwamfuta. Sannan kayan gyaranta, batir da murfi, ba su cika kasuwanninmu kamar na GoPro ba. Ka sayi batir na biyu tun ranar farko.

Akaso da 'yan'uwanta

A cikin masu araha, Akaso da SJCAM ne ke da suna, ba irin tawa ta farko ba. EK7000 da Brave 4 ba su kai dala 100 ba, Brave 7 LE kuma wajen dala 140. Suna zuwa da kwali cike: batir biyu, rimot na hannu, maƙalai kala-kala. Da rana tsaka, a kan shimfiɗaɗɗen wuri, hoton 1080 ɗinsu ba abin kunya ba ne.

Amma a fegi mai gargada hana-rawarsu ba ta kama ƙafar waɗancan biyun ba, kuma da rana ta yi sanyi hoton sai ya dushe. EK7000 da Brave 4 sai an sa su a gidan roba kafin su tsira daga ƙura, gidan kuma yana toshe sauti, yana riƙe zafi. Ƙarar injin da kake so ka ji sai ta koma gunaguni. Brave 7 LE ta fi su, jikinta na jure yayyafi ba gida. Babu GPS a ko ɗaya. Amfaninsu na gaske shi ne wurin da kake tsoron sa mai tsada: ƙasan bamba, kusa da taya, kusa da salansa. In ta faɗi mota ta bi ta kai, za ka yi tsaki ne kawai.

Kyamarar gilashin mota

Wannan, wato wadda ake mannawa a gilashin gaba daga ciki tana ɗaukar hanya, ba a cika tunawa da ita ba, alhali ga mai son koyo ita ce mafi sauƙi. Irin Viofo A119 Mini 2, a kewayen dala 100, tana ɗaukar 1440 da hoto 60 a daƙiƙa, tana da GPS da ke rubuta gudu a ƙasan bidiyo, kuma ba batir ne a cikinta ba, kafasita ce, wata 'yar ma'ajiyar wuta da ta fi batir jure zafi, don haka an gina ta ne don zaman rana a gilashi. Wutar mota take sha, ba caji, ba mantuwa. Sai dai ba ta da hana-rawa, ba ta fita waje, ba ta hawa babur, kuma gaba kawai take kallo. In memori ya cika tana goge tsohon bidiyo, saboda haka ka danna maɓallin kulle bayan zagaye mai kyau. Ranar Litinin kuma ta zame maka shaida a cunkoson Wunti a cikin garin Bauchi.

Masu ɗaukar kowane ɓangare irin Insta360 X3, wadda ta fito a 2022 a dala 450, suna da ban sha'awa, amma idanunta biyu a waje suke kamar na kwaɗo, tsakuwa ɗaya ta isa. Ba ta cikin lissafin mai neman sauƙi.

| | GoPro HERO9–11 ta hannu | DJI Action 3/4 | Akaso | Ta gilashin mota |
|---|---|---|---|---|
| Farashin fitowa | dala 450–500 | dala 329–399 | dala 140 zuwa ƙasa | wajen dala 100 |
| Hana rawa | ƙwarai | ƙwarai | matsakaici | babu |
| Juriyar zafi | sai da dabara | mai kyau | matsakaici | ƙwarai |
| Ƙura | a rufe take | a rufe take | wasu sai da gida | cikin mota kawai |
| GPS | a jiki | rimot ko waya | babu | akwai |
| Sauƙin aiki | mai kyau | mafi sauƙi | sai an saba | manna ka manta |
| Babban haɗari | tarihin da ba ka sani ba | ƙarancin kayan gyara | hoto mai rawa | kusurwa ɗaya |

Kada kuɗin ya ƙare a kyamara

Ka ware wani abu don maƙali. Rabin rawar da ake ɗora wa kyamara laifin doguwar sandar roba ce. Maƙalin ya zama gajere, mai ƙarfi. Mai zuƙar gilashi na GoPro na asali an gwada shi a gudun da ya haura kilomita 240 a awa, amma a kan wuri mai tsabta. A fenti mai ƙura ko na asalin ba zai riƙe ba. Ka goge wurin da tsumma mai ɗan laima, ka bari ya bushe, ka manna, sannan ka ɗaure kyamarar da igiya a jikin madubi ko marfin bonet. Wani dattijon makanike da ke zuwa kallonmu yakan ce: "Alhaji, duk abin da ba a ɗaure ba a mota, harsashi ne." Haka yake, musamman a ciki, kusa da kan direba. Ɗan soso a bakin makirufo yana rage hayaniyar iska. In za ka ɗauka da dare ƙarƙashin fitilu, ka sa ta a 50Hz, irin wutarmu, don kada hoton ya riƙa ƙyaftawa.

Abu ɗaya kuma da nake ji a raina: kyamara na sa ƙafa ta yi nauyi a kan totur. Mun ga abin da wasan mota a tsakiyar gari ranar ɗaurin aure ya jawo wa gidaje. Dokar hanya ta ba ƙaramar mota kilomita 50 a awa a cikin gari, 80 a babbar hanya, kuma bidiyon da GPS ya rubuta wa gudu shaida ce a kan mai shi. A fili killatacce ake wannan abu, da bel, da hular kwano.

To wa zai ɗauki wacce?

In burinka ka rage daƙiƙu a zagayenka, kana son ganin gudu a kan hoto ba tare da wahalar haɗa waya ba, kuma kana da wanda zai gwada maka kafin a biya, nemi HERO11, in ba ta samu ba HERO10. Ka ɗora ta a waje, iska ta yi mata fifita.

In kyamara ɗaya kake so ta yi maka komai, fili ranar Asabar, babur zuwa Yankari ta Dindima, ko Dadin Kowa in ka leƙa Gombe, hawan sallah, har da bikin ƙanwarka, kuma ba ka son ta mutu maka a zafin Afrilu, ɗauki DJI Action 4. In kuɗin bai kai ba, Action 3.

In a cikin mota kawai za ka ɗauka don ka ga layin da kake bi a kwana, ta gilashi ta ishe ka, ragowar kuɗin ka sa a taya da birki.

In abin da ke hannunka bai wuce na Akaso ba kuma ba za ka iya jira ba, Brave 7 LE, a 1080, da gajeren maƙali, da hasken safiya. In kuwa kana da babba kana neman ta biyu da za ta kalli taya, EK7000 ta yi.

Ƙanen abokin nawa babur yake hawa fiye da mota, kuma shi ke ɗaukar hotunan gidansu duk sallah. Na ce masa ya ƙara haƙurin wata biyu ya cika kuɗin Action 4, ya haɗa da batir na biyu da katin 128 daga hannun wanda zai karɓa in ya ƙi aiki.